Usur ɗin Kawu Prasong da Gangar Sha Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar taliyata, nan bakin ƙofar haikalin Don Makham, ya san Kawu Prasong ko da bai so ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a Bangkok yana hura wa motoci usur a wurin ajiye motoci na wani babban kanti. Da ya dawo gida bai zo da mata ba, bai zo da mota ba. Usur ɗin ya zo da shi rataye a wuya, da farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, da baki.

"Mota dubu uku a rana, Lamduan," haka yake ce mini kullum. "Dubu uku! Ko madubi ɗaya bai taɓa fashewa a hannuna ba. Na taɓa sa wani janar ya yi baya-baya sau huɗu, ya sauko ya gode mini."

"Kawu, taliyarka na hucewa."

"Tsari, yarinya. Abin da ƙauyen nan ya rasa ke nan."

Shekarata arba'in da shida, amma a wurinsa ni yarinya ce.

A bayan haikali, daura da wurin ƙona gawa, akwai wani fili da aka zagaye da waya. Nan Iya Tongbai take riƙon karnuka. Mu a nan ba ma kashe kare, zunubin ya yi mana nauyi. Idan mutum ya gaji da nasa sai ya lallaɓo ya ajiye shi a haikali, ya koma gida da zuciya fara tas. Shekara goma sha biyu Iya tana tattara irin waɗannan, har suka kai talatin da ɗaya, kowanne da sunan abinci: Kabewa, Barkono, Tsamiya, Gwanda. Na farkonsu shi ne Ƙanzo, wani tsohon baƙin kare da ya kurumce tun bara, wanda a ƙarƙashin gadonta yake kwana.

Mu uku muke taimaka mata kyauta, ba a biyanmu ko baht ɗaya: ni, da Sutin mai gyaran babur, da Malama Wanpen da ta yi ritaya daga koyarwa. Aikin ba shi da wuya. Sufayen haikali su zaga gari da safe a zuba musu abinci, abin da ya ragu mu cakuɗa shi a wata ƙatuwar tukunya. Ƙarfe sha ɗaya daidai tsohon Sufi Kham ya hau hasumiya ya buga ganga, alamar lokacin cin abincin sufaye na ƙarshe a ranar. Da ganga ta yi ƙara Iya take buɗe tukunya. Haka ake yi kullum, ko ana ruwa ko ana rana.

Masifa ta zo mana biyu a mako ɗaya. Barkono ya bi wani jami'in gunduma a guje har ya tura shi da babur ɗinsa cikin gonar shinkafa. Kwana biyu sai ga takarda: ranar Juma'a ta sama likitar dabbobi za ta zo da mota, idan ta tarar da karnuka marasa ubangida sun wuce goma a haikali, za a kwashe su duka zuwa babban kejin gunduma. Kowa ya san motar nan. Mun sha ganin ta tafi cike, ba mu taɓa ganin ta dawo da ko ɗaya ba. Washegari Iya ta taka jiƙaƙƙiyar shinkafa ta zame, ƙashin ƙugunta ya tsage.

Ina zaune bakin gadonta tana kuka, Ƙanzo na lasar yatsunta, sai ga Kawu Prasong ya shigo. Ƙanin marigayi mijinta ne.

"Yaya, share hawayenki. Na karɓi ragama."

"Wa ya ba ka?"

"Kare nawa ne? Talatin da ɗaya? Ni da na sarrafa mota dubu uku? Kafin Juma'a ko gashin kare ba za a gani a filin nan ba. Kowanne zai samu gida."

"Prasong, ba haka ake ba da kare ba. Ni ɗaya nake bayarwa a wata. Sai ka je ka ga gidan, sai an ɗaure shi kwana bakwai, kuma ka kula da maganar ganga, don in gidan yana…"

"Shi ya sa kika shekara goma sha biyu kina abu ɗaya. Kwanta ki huta, Yaya. Magana na ƙara tsaga ƙashi."

Ya fita yana gyara igiyoyin kafaɗarsa. Iya ta bi shi da kallo, ta ce da tana iya tashi da ta jefe shi da tukunyar fitsari.

Da sassafe ya tara mu a fili ya sa muka yi layi. Mu uku. Ya raba mu sassa biyar. Sutin ya samu Sashen Ceto da Sashen Sufuri. Malama Wanpen ta samu Sashen Takardu da Sashen Hulɗa da Jama'a. Ni, da na tambaye shi ko layin mutum uku ma layi ne, aka ba ni Sashen Kashi.

"Busa ɗaya, ku zo," ya ce. "Busa biyu, ku tafi. Busa uku, haɗari."

"Kawu," in ji Sutin, "ai ga mu tsaye gabanka. Ba sai ka kira sunanmu ba?"

Ya busa biyu. Muka tafi. Ya busa ɗaya. Muka dawo. Ya ce madalla, horo ya fara shiga.

Daga nan ya nufi gidan Dagaci Samran, ya karɓi lasifikar gari wadda ake sanar da mutuwa da rabon taki. Duk ƙauye ya ji shi yana cewa an buɗe Babbar Cibiyar Ceton Dabbobi ta Don Makham a ƙarƙashin ƙwararre daga Bangkok, kuma daga yau babu dabbar da za ta sake wulaƙanta.

Mutanenmu akwai saurin fahimta. Washegari na zo da tsintsiyata na tarar da kwali huɗu da buhun taki ɗaya suna motsi a bakin waya. 'Yan kwikwiyo goma sha huɗu. A gefe an ɗaure agwagwa mai ɗingishi, an kuma jingine wani kunkuru.

"Kawu, sun zama arba'in da biyar."

"Kin ga amfanin talla ke nan."

"Ragewa aka ce mu yi!"

"Kafin a fitar da mota sai an shigo da ita. Ke me kika sani? Koma sashenki."

Sai aka shiga aikin ceto. Ya hau akwatin gefen babur ɗin Sutin da ragar kamun kifi a hannu, suka zaga gari yana busa. Duk karen da suka gani a kwance, Kawu ya ce ai wannan yana cikin mawuyacin hali. Suka ceto takwas. Na takwas ɗin wani farin kare ne mai ƙiba da aka samu yana barci a kan tabarma, kansa bisa matashi.

Ba a jima ba sai ga Dagaci Samran a guje, zanen wanka ɗaure a ƙugu, sabulu a kunne.

"Prasong! Uban wa ya ce ka ɗauke mini kare daga barandata?"

"Ranka ya daɗe, a yashe muka same shi. Ko motsi ba ya yi."

"Barci yake! Yanzu ya gama cin kaza!"

"To ai sai ka cike takardar karɓa. Malama Wanpen, ba shi fom."

Dagaci ya saɓa karensa a kafaɗa ya tafi yana zage-zage, sabulu na ɗiga. Saura hamsin da biyu. A ranar agwagwa ta ciji Sutin, kunkuru kuma ya ɓace, har yau ba a san inda ya nufa ba.

Ranar Laraba Malama Wanpen ta cire gilashinta ta ce, "Prasong, saura kwana biyu, ko kare ɗaya ba mu bayar ba. Ka ƙara mana ashirin da ɗaya."

"Malama, ke ranar me aka haife ki?"

"Litinin."

"Launinki rawaya ke nan. To shi ke nan, an gama."

Dabarar ita ce wannan. Kowa a nan ya san ranar haihuwarsa da launinta: Litinin rawaya, Talata ruwan hoda, Laraba kore, har zuwa Lahadi ja. Akwai waɗanda ba sa sayen ko bokiti sai mai launin ranarsu. Kawu ya sayo ƙyallaye kala bakwai, ya bi karnuka yana ɗaura musu a wuya.

"Ta yaya ka san ranar da aka haifi kare?" na tambaye shi.

"Ina kallon idonsa."

"Waɗannan ai 'yan uwa ne, ciki ɗaya. Ka ba ɗaya Talata ka ba ɗaya Asabar."

"Doguwar naƙuda uwar ta yi."

Ya koma lasifika ya shelanta cewa gobe Alhamis da la'asar za a yi Babban Bikin Haɗa Kare da Mai Rabonsa. Duk wanda ya ɗauki kare mai launin ranarsa, ladansa daidai yake da na wanda ya yi wa haikali rufi. Mutane suka cika fili, don rufi na da tsada, kare kuma kyauta ne. Wata mata ta tambayi Babban Sufi ko maganar ladan nan gaskiya ce. Babban Sufi yana fama da mura, ya buɗe baki sai tari ya sarƙe shi.

"Kun ji da kunnenku," in ji Kawu. "Ya tabbatar."

Kowa ya samu takardar shaida mai tambarin ruwan zinariya, da sunansa da sunan kare, ya dangwala yatsa a ƙasa. Kawu ya kwana yana tsara takardar nan, har da hotonsa a kusurwa yana sara wa jama'a.

Iya Sombun, 'yar shekara tamanin, wadda in iska ta taso sai ta riƙe ginshiƙi, haifaffiyar Laraba ce. Kore ɗaya ya rage, a wuyan Kabewa. Kabewa kuwa ya kusa kai ɗan maraƙi.

"Ɗan nan, wannan ni zan riƙe shi ko shi zai riƙe ni?"

"Rabo ne, Iya. Ba a jayayya da launi."

Chalerm mai kiwon zakarun dambe, ɗan Lahadi, ya samu Barkono. Ya dube shi ya ce:

"Kawu, wannan ba shi ne ya cinye kajin gidan Malama ba?"

"Ya tuba. Na yi masa magana."

Wanzamin gari ya zo neman ɗaya ya tafi da shida, saboda duk Alhamis ne. Kafin rana ta faɗi an kwashe hamsin da ɗaya. Na yi mamaki, ba zan ɓoye ba. Har na fara tunanin ko mutumin nan ya san abin da yake yi.

Saura Ƙanzo. Tun da Iya ta kwanta yake zuwa fili da rana ya koma wurinta da yamma. Babu wanda ya so shi, tsoho ne, ga kurumta. Sai na ga Kawu ya cicciɓe shi ya saka a akwatin babur.

"Ina za ka kai shi?"

"Hayin kogi. Akwai mai gonar roba da ke neman mai gadi."

"Kurma ne zai yi gadi? Kawu, wannan na Iya ne! Kuma takarda ta ce har goma an yarda."

"Goma na masu ƙaramar zuciya ne. Sifili nake so likita ta gani, Lamduan. Sifili!"

Na riƙe babur, ya busa mini uku a cikin kunne, na saki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da yamma na kai wa Iya abinci, ta tambaye ni ina Ƙanzo, na ce yana fili. Ƙarya na yi mata, don ban san yadda zan faɗa ba.

Ranar Juma'a Kawu ya sa aka kwaso bencinan makaranta aka ɗora katako a kai, aka lulluɓe da farin yadi har ƙasa, ya zama dandamali. Aka jera kujeru, aka rataya furanni. Ni kuwa hannuna ya riga ya saba, sai da na gama cakuɗa shinkafa da kan kifi a tukunya na tuna babu mai ci.

"Mene ne wannan?" in ji Kawu. "So kike likita ta ce muna ɓoye karnuka? Tura ta ƙarƙashin dandamali!"

Ni da Sutin muka tura ta, muka sauke yadi.

Iya ta aiko cewa ko a kan kai ne sai an kawo ta. Na shimfiɗa katifa a amalanken da nake turo kayan taliya, muka ɗauko ta.

Likita Kanokwan ta iso goma da kwata, doguwar mace mai saurin magana, motar keji na biye da ita. Ta zaga fili, ta leƙa bayan wurin ƙona gawa, ta ɗaga gira.

"Babu ko ɗaya? To, ba ni takardar gunduma in sa hannu, ina da ƙauye uku a gaba."

Kawu ya soke takardar a aljihun riga. "Ranki ya daɗe, bayan ɗan taƙaitaccen jawabi."

Ya hau dandamali. Ya fara daga ranar da ya sauka a tashar Bangkok da jaka ɗaya. Ƙarfe goma da rabi yana kan janar. Goma da minti arba'in ya shiga bayanin bambancin busa ɗaya da busa biyu, da misalai. Dagaci na gyangyaɗi, likita na duba agogo.

Iya ta jawo hannuna. "Lamduan, su wa aka ba karnukan?"

"Mutanen gari."

"Na cikin gari? Nan kusa? Dukansu?"

"Jiya da la'asar."

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Sha ɗaya saura biyar."

Ta rufe ido. "Ki gudu. Ki gudu wurin Sufi Kham!"

A nan ne abin ya faɗo mini. Na tattare zane na kwasa a guje, na hau matakalar hasumiya ina haki. Sufi Kham ya riga ya ɗaga sanduna. Na zube a gabansa na haɗa tafukana.

"Baba mai girma, don girmanka ka jinkirta minti goma!"

"Saboda me, 'yata?"

"Kawu Prasong bai gama jawabi ba."

Ya dube ni da tausayi. "Bayan tsakar rana ba ma cin abinci. So kike sufaye tara su kwana da yunwa har sai Prasong ya gama magana? Ai sai jibi."

Da namiji ne ni da na riƙe masa hannu. Amma mace ba ta taɓa sufi, ko gefen mayafinsa. Ina durƙushe, hannuna bai fi taku ɗaya da nasa ba, ya sauke sanda a kan ganga.

Daga saman hasumiya ana ganin ƙauyen duka, don haka babu wanda ya kalli abin kamar ni. Da farko shiru. Sai haushi ya tashi daga gabas, yamma ta amsa. Sai ƙura ta tashi a kowane lungu, duk ta nufo haikali.

Tsamiya ce ta fara shigowa, tana jan turken da aka ɗaure ta. Gwanda ya biyo baya da igiyar shanya, kamfai bakwai na kaɗawa a bayansa. Shidan wanzami an ɗaure su a ƙafar kujerar aski, suka taho da kujerar, wanzami na bin su da reza, a bayansa wani mutum da rabin kai a aske da tawul a wuya. Barkono ya shigo da kwandon zakara a kansa, zakaran na kan kwandon yana cara, Chalerm na gudu yana kiran zakaran da sunan lallashi. Wani ya zo da ƙofar bayan gida. Ƙofar kawai, amma mun ji ihun mai bayan gidan daga nesa.

Can ƙarshe sai ga Kabewa. Iya Sombun, don kada ya gudu, ta ɗaure igiyarsa a ƙugunta ta zauna cikin bahon wanki tana tsintar wake. A cikin bahon ta iso, tana riƙe da gefensa da hannu biyu, wake na warwatsuwa, tana ta karanto addu'a da ƙarfi.

Kawu ya ga abin da ke tahowa. Ya ɗaga hannu ɗaya kamar yadda yake tsayar da motoci, ya busa uku. Ya sake busa uku. Karnuka hamsin da ɗaya suka wuce ta tsakanin kujeru, suka shinshina iska sau ɗaya, suka nutse ƙarƙashin farin yadi.

Dandamali ya ɗaga sama. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ya yi tafiya kamar taku uku da Kawu a kai yana jujjuya hannu. Sannan katako ya rabe. Na ga fararen takalmansa a sama, sai na ji usur ya yi wata 'yar ƙara daga cikin tukunya.

Da na sauko, Sutin da direban motar keji suna jan shi ta ƙafa. Ya zauna daɓas a cikin tukunyar har ƙugu, karnuka na cin abinci ta gefensa, wani ɗan kwikwiyo na tsaye a kan cikinsa yana lasar igiyar kafaɗa. Kan kifi na maƙale a aljihun da takardar take.

"Wannan gwaji ne!" yake ihu. "Gwajin biyayya! Kun ga sun zo a kan lokaci!"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ƙirga da bakin alƙalami. "Hamsin da ɗaya. An rubuta mini talatin da ɗaya. Buɗe keji."

Direba ya saki ƙafar Kawu ya je ya buɗe. Ƙofar ƙarfen ta yi ƙara.

Mutanen gari kuwa sun cika fili, kowa na huci. "Ku karɓi abinku!" in ji wanzami. "Ladan ma na yafe!" in ji Chalerm. Mai rabin aski ya ce shi ba kare ya ɗauka ba amma shi ma yana da ƙara.

Sai Iya Tongbai ta buga sandarta a jikin amalanke. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma aka yi tsit.

"'Yata likita, takardarku karnuka marasa ubangida ta ce, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Iya."

"Wanpen, nuna mata."

Malama Wanpen ta miƙa tulin takardun shaida. Likita ta bi su ɗaya bayan ɗaya: suna, tambari, yatsa, da Kawu a kusurwa yana sarawa.

"Waɗannan suna da masu su," ta ce. "Sai dai in mai kare ya ce ya fasa. Wanda ya fasa, ya kawo nasa."

"Kun ji," in ji Iya. "Ga mota can a buɗe. Ba zan roƙi kowa ba. Amma ba a ɓoye za a yi ba kamar yadda kuka saba ajiye mini su a bakin waya. Kowa ya ɗauki nasa da hannunsa ya saka, a gaban sufaye, muna kallo."

Sufaye tara sun fito baranda da kwanukansu suna kallo. Babu wanda ya motsa. Wanzami ya dubi shidansa, ya dubi keji, ya shiga goge rezarsa a wando. Chalerm ya ce shi dai zakaransa bai mutu ba, ƙafarsa ma kamar ta ƙara ƙarfi.

Iya Sombun ta fito daga baho da kyar, ta dafa bayan Kabewa. "Ni ba zan saka shi ba. Da muka zo kwalbati sai da ya rage gudu. Jikokina ma ba sa yi mini haka."

Likita ta ja numfashi. "To me ya kawo karnukan mutane haikali?"

Babban Sufi ya share hanci ya ce, "Cin abinci suka zo. Ba ma korar baƙo."

Ta zaro takardar daga aljihun Kawu da yatsu biyu, ta karkaɗe kan kifin, ta sa hannu. Direba ya rufe keji. Dagaci Samran ya miƙe ya yanke hukunci nan take: tunda karnuka za su riƙa zuwa kullum sha ɗaya, dole a samu mai mayar da kowanne gidansu bayan sun ci, kuma garin nan mutum ɗaya ne ya ƙware a harkar shige da fice. Aka yi tafi. Kawu, da aka samu aka zaro shi, ya rusuna ya karɓi tafin.

Iya ba ta yi tafi ba. Idonta na yawo a cikin karnuka.

"Hamsin da ɗaya," ta ce. "Ina Ƙanzo?"

Na sunkuyar da kai. Kawu ya gyara riga, shinkafa na zuba. "Wannan kam aikina ya yi kyau, Yaya. Hayin kogi na kai shi, gonar roba. Ga nisa, ga shi ba ya jin ganga. Shi ba zai dawo ba."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu haka ba. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. Ta ce in ɗebo mata abin da ya rage a gindin tukunya a ɗan kwanon Ƙanzo. Ta riƙe kwanon a cinya. Na ce mu tafi gida rana ta yi zafi, ta girgiza kai. Sutin ya ce bari ya tayar da babur ya je hayi, sai aka tarar karnuka sun tsinke masa waya. Mutane suka kasa tafiya, aka tsaya cirko-cirko. Likita ma ta buɗe ƙofar mota ta tsaya.

Sha biyu ta wuce da kaɗan sai wani abu baƙi ya ɓullo ta ƙofar haikali, yana tafe a hankali. Jiƙe yake sharkaf, taɓo har wuya, guntun igiya na ja a ƙasa, ƙafa ɗaya na ɗingishi. Bai kalli tukunya ba. Bai kalli kwano ba. Ya zo ya ɗora haɓarsa a bakin amalanke, Iya ta kama kansa da hannu biyu tana kuka tana zaginsa. Ni ma na yi kuka, har Chalerm sai da ya juya baya.

Da ta sake shi, Ƙanzo ya taka har gaban Kawu ya girgije ruwan kogi a kan abin da ya rage fari a rigarsa.

"Kai! Koma layi!" Kawu ya sa usur a baki ya busa biyu. Ƙanzo ya yi hamma. Ya busa uku, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ƙanzo ya zagaya ya kwanta ƙarƙashin amalanke ya lumshe ido.

Iya ta share hawaye da gefen zane.

"Busa da kyau, Prasong," ta ce. "Duk garin nan shi kaɗai ne ya huta da jin ka."